Kwanar U a kan babur ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba: tambayoyi da amsoshi ga masu shirin gwajin tuƙi a Jos

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa daga bakin masu shirin gwajin lasisin babur, sababbin hannu da waɗanda suka daɗe suna hawa. Bayanin ya fi shafar ƙananan babura masu kulocin hannu irin su Bajaj Boxer, TVS, Jincheng da Haojue. Mai roba-roba (babur marar kulocin hannu) ya karanta duka, sannan ya tsaya a tambaya ta 14.

1. Mece ce kwanar U, kuma me mai gwaji yake son gani?

Ita ce ka juya babur ya fuskanci inda ka fito, a cikin fili mai iyaka, da tafiya ɗaya, ba tsayawa, ba turawa baya. Wanda ya san aikin, jami'in gwaji ne ko malamin tuƙi, abu huɗu yake dubawa: ka waiga kafin ka fara, ƙafafunka su zauna a kan mataki har ka gama, taya kada ta taɓa layi ko bakin kwata, inji kuma kada ya mutu. Duka-duka abin ba ya wuce daƙiƙa 4 zuwa 5, amma a cikinsu ake gane ko mutum ya mallaki kulocinsa da birkinsa.

Tun 1972 hannun dama ake bi a titunan Najeriya, saboda haka kwanar U ta kan hanya hagu ake yin ta. Duk da haka ka koyi ɓangarorin biyu (duba tambaya ta 11).

2. Na yi shekaru ina tuƙi. Me ya sa har yanzu nake jan ƙafa idan zan juya?

Domin tuƙi da gudu da tuƙi a hankali ba fanni ɗaya ba ne. Babur mai gudu shi ke tsayar da kansa: in ya karkata, tayar gaba takan juya da kanta wajen da ya karkata ta dawo da shi tsaye. Da zarar gudu ya sauko zuwa na mai tafiya a ƙasa, wannan taimakon ya ragu ƙwarai, abin da ya rage yana riƙe babur shi ne ƙarfin da inji ke turawa tayar baya. Yawancinmu a lungu muka koyi hawa, ba wanda ya nuna mana haka, sai muka maye gurbinsa da ƙafa.

Ƙafar kuwa ita ce take ɓata aikin. Idan ka sauke ta dama, ka rabu da birkin baya, wanda shi ne abin da ka fi buƙata a lokacin. Idan ka sauke kowace, gwiwa ta saki tanki, nauyinka ya zube cikin kwanar, babur ya ƙara rinjaya. Ga kuma haɗari: takalmi ya kama ƙasa, mataki ko salansa ya bi ta kan idon sawu. Tsohon hannu yakan fi sabo shan wahalar barin wannan ɗabi'a, don haka kada ka raina atisayen farko na tambaya ta 5.

3. Wa ke yin gwajin, kuma wane lasisi ake bayarwa?

Lasisin babur shi ne rukunin A, kuma sai mai shekara 18 zuwa sama. Hukumomi uku ke da hannu: jami'an VIO (masu duba lafiyar ababen hawa) na jiha su ke gwada tuƙi, hukumar tattara haraji ta jiha ke karɓar kuɗi, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa (FRSC), wadda aka kafa a 1988, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu ta buga katin. Akan ba da takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito, shi kuma akwai na shekara 3 da na shekara 5. Ka je da hular kwano mai maɗauri da takalmi rufaffe, ba silifas ba. A lura, lasisi izinin tuƙi ne, ba izinin haya ba. Tun zamanin Gwamna Jonah Jang doka ta hana haya da babur a cikin Jos da Bukuru.

4. Fili mai faɗin nawa zan zana don koyo?

A gwajin Ingila faɗin mita 7.5 ne. A gwajin da jihohi da yawa na Amurka ke amfani da shi, ƙafa 20 ne (kusan mita 6) ga babur da bai kai cc 600 ba, ƙafa 24 ga manya. Mai ƙaramin babur ya sa mita 6 a gabansa. Wanda ya iya wannan cikin natsuwa, faɗin da za a ba shi ba zai dame shi ba. Amma ba da shi ake farawa ba. Fara da mita 9, ka riƙa ragewa rabin mita duk lokacin da ka yi sau 10 a jere ba kuskure.

Kafin nan ka auna babur ɗinka. Kashe shi, ka karya kan har ƙarshe, ka tura shi tsaye ya yi rabin da'ira, ka sa alama inda tayar gaba ta fara da inda ta ƙare. A yawancin ƙananan babura za ka samu mita 4 zuwa 4.5. Wannan awon yana kwantar da hankali, domin ka gani da idonka cewa a cikin mita 6 akwai rarar fili fiye da mita ɗaya. Ka ja layi da toka ko alli, ko ka jera robobin ruwa marasa komai. Kada ka sa duwatsu ko bulo: ido zai maƙale a kansu, kuma in ka taka za su kayar da kai.

5. Ana cewa sirrin yana wajen kuloci. Yaya ake riƙe shi?

Tsakanin matse kuloci gaba ɗaya da sakinsa gaba ɗaya akwai wani ɗan tsagi, faɗinsa a hannu bai fi kaurin yatsa ba, inda farantan kuloci suke taɓa juna suna zamewa, ƙarfin inji yana shiga taya kaɗan-kaɗan. Wurin kamawa ke nan. Dukan kwanar U a cikin wannan tsagi ake yin ta, daga shiga har fita. In ka matse gaba ɗaya, ƙarfi ya yanke, babur ya faɗa ciki. In ka saki gaba ɗaya, kowane bugun inji zai isa taya kai tsaye, babur ya riƙa fizga.

Ga yadda ake nemo shi. Zauna, ƙafafu biyu a ƙasa, giya ɗaya. Saki kuloci a hankali har ka ji ƙarar inji ta ɗan dusashe, babur ya fara jan ka gaba, dugaduganka sun fara ɗagawa. Tsaya nan. Ɗan matse, ka ja babur baya da ƙafa, ka sake. Yi sau 20 zuwa 30, har yatsunka su riƙa kai kansu wurin ba sai ka lalubo ba.

Mataki na biyu: ɗora ƙafafu a mataki, ka yi tafiya a miƙe ta mita 15 a hankali iya yadda za ka iya, wani yana tafiya da ƙafa kusa da kai. Idan ba ka wuce shi ba, kuma ba ka sa ƙafa ba, ka isa fara kwana. Wanda ya tsallake wannan matakin, a tsakiyar kwana zai biya bashin.

6. To totur da birkin baya fa, mene ne aikinsu?

Totur ba shi ke sarrafa gudu a nan ba. Aikinsa ya ajiye ƙarfi a shirye. Ɗaga shi kaɗan sama da sulo (juyin inji idan ba a murɗa totur ba), wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, ka bar shi nan kamar an ɗaure. Yawancin waɗannan babura ba su da agogon juyin inji, saboda haka kunne ne ma'auni: ƙara ɗaya madaidaiciya, ba hawa ba sauka. Ka sa wuyan hannunka ya yi daidai da kan babur ko ƙasa kaɗan, don kada fizga ta sa ka murɗa ba da niyya ba.

Birkin baya shi ke daidaita gudu. Ɗora tafin ƙafa ka danna kaɗan, ka bar shi yana ja tun kafin ka shiga kwanar. Inji yana turawa, birki yana riƙewa, sai sarƙa ta miƙe ta daina kaɗawa, babur ya zauna daram. Gudu ya yi yawa, ƙara danna birki. Ya yi kaɗan, sassauta birki ko ka ɗan saki kuloci. Totur dai yana inda yake.

7. Me ya sa ake hana taɓa birkin gaba?

Idan kai a karye yake, tayar gaba tana kallon gefe, nauyin babur kuwa yana son ci gaba a miƙe. Ka kama birkin gaba a wannan hali, tayar ta tsaya cak, gaban ya nutse, nauyi ya zube wajen da ka karkata. Faɗuwar ba ta ba da lokaci. Ka cire yatsunka daga kan birkin hannu gaba ɗaya, ka naɗe su a totur. In tsayawa ta zama dole, miƙe kan tukuna, sannan ka tsaya.

8. Ina zan kalla?

Inda kake son zuwa, domin hannu ido yake bi. Kafin ka karya kan babur, juya kanka gaba ɗaya, haɓa ta nufi kafaɗa, ka nemi wani abu a matakin ido can bayan wurin fita: turken wuta, ƙofar gida, bishiya. Ka maƙala ido a kansa har babur ya zo ya fuskance shi. Ba satar kallo da wutsiyar ido ba, juya wuya sosai.

Kurakurai biyu ne a nan. Kallon layin da kake tsoron takawa, shi ke kai ka kansa. Kallon tayar gaba ko ƙasa kuwa, shi ke sa ƙafa ta sauka, saboda jiki yana auna daidaito ne da abin da ke nesa. Ka sa wani ya tsaya a wurin fita ya ɗaga yatsu, kai kuma ka riƙa faɗin adadinsu da ƙarfi kana juyawa. Wannan ɗan wasan yana gyara ido fiye da dogon bayani.

9. Jikina zai bi babur ne ko zai tsaya?

A kwana mai gudu, mahayi da babur tare suke kwanciya. A kwanar U akasin haka ne: babur ya karkata ciki, kai ka tsaya a miƙe, nauyinka a gefen waje na kujera da matakin waje. Amfanin karkatar babur shi ne da'irar da yake zanawa takan ƙara matsewa. Nauyinka na waje kuma shi ke hana shi faɗuwa. Matsa gaba kusa da tanki don hannun waje ya isa ba tare da ya sanƙare ba, gwiwoyi su kama tanki, kafaɗu da gwiwar hannu a sake. Wanda ya ƙanƙame kan babur ba zai iya karya shi har ƙarshe ba.

10. Ku jero mini abin da zan yi daga farko har ƙarshe.

Giya ɗaya, gudu kamar na mai sassarfa, kilomita 8 zuwa 10 a awa. Matsa har kusa da layin dama don ka ci moriyar dukan faɗin. Rabin mitar da ka bari a nan, ita za ka nema a wurin fita. Sa sigina. Kuloci a wurin kamawa, totur a tsaye, ƙafa a birki, duka kafin wurin juyawa da mita 3 ko 4. Duba madubi, ka waiga ta kafaɗar hagu. Juya kai zuwa wurin fita, ka karya kan babur da niyya ɗaya, ka bar shi ya karkata, nauyi a waje. Da ka ga hanya ta miƙe a gabanka, sassauta birki, saki kuloci a hankali, babur zai tashi da kansa. Kashe sigina.

Abu biyu ke jawo taka layin fita: shiga daga tsakiyar fili, da karya kan kaɗan-kaɗan da fatan a ƙarasa daga baya. Yawancin juyawar a rabin farko ake yin ta. Game da gudu kuma, rarrafe ba shi ne aminci ba. Ƙasa da kilomita 5 a awa babur yakan fara rawa. Sama da 15 kuma zai nemi kwanciyar da sabon hannu ba zai iya ba, domin in gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke tura ka waje ninkawa huɗu yake yi.

11. Hagu na iya, dama ta gagare ni. Lafiya kuwa?

Kusan kowa haka yake. A kwanar dama, totur yana matsowa jikin tanki da cinyarka, wuyan hannu ya takura, hannun kuloci kuma ya miƙe nesa, yatsu su sauya matsayi ba ka sani ba. Sannan ƙafar da zuciya ke cewa ka sauke ita ce ƙafar birki. Magani: buɗe gwiwar hannun dama waje, ka riƙe totur ta wajen ƙarshensa, ka juya ƙirji tare da kan babur. Ka ba dama ninki biyu na lokacin da kake ba hagu, da ƙarin mita ɗaya a faɗi har ta kamo. A kwanar hagu kuma abin lura shi ne hannun dama da ke miƙewa yakan murɗa totur da kansa.

12. A tsakiyar kwana sai in ji babur zai faɗa ciki. Me zan yi a wannan daƙiƙar?

Ba shi ƙarfi. Ɗan saki kuloci, kaurin ƙwayar shinkafa, ka sassauta birki, ka ɗaga ido. Tura tayar baya shi ke ɗaga babur. Abin da jiki ke so a lokacin, wato matse kuloci da rufe totur, shi ne ainihin abin da ke ƙarasa faɗuwar. Wannan sai an maimaita har ya zama jiki: yi da'ira mai faɗin mita 10, ka riƙa matse kuloci kaɗan da gangan ka ji babur ya rinjaya, ka saki ka ji ya tashi.

In akasin haka ne, babur yana buɗewa waje, to ko gudu ya yi yawa ko ido ya koma kan layi. Ƙara birkin baya, ka mayar da ido (tambaya ta 8). In kuwa ta ƙwace gaba ɗaya, sa ƙafa ka tsira da lafiyarka. In babur ya riga ya wuce inda za ka tare shi, janye ƙafa daga ƙarƙashinsa ka bar shi ya kwanta.

13. Injina yana mutuwa a kwana, musamman da safe. Laifina ne ko na babur?

Yana iya zama kowanne. Naka shi ne sakin kuloci da yawa alhali kana danne da birki, ko barin totur ya koma sulo. Na babur kuwa, Jos tana da nata hali. Garin yana sama da mita 1,200 daga matakin teku, iskar ba ta kai ta Legas kauri ba, saboda haka kafireton da aka saita a ƙasa yakan ba da mai fiye da kima a nan, fulogi ya yi baƙi, sulo ya riƙa tangaɗi. Ga sanyin hunturu na Disamba da Janairu, inda asuba kan sauka kusan digiri 10. Inji mai sanyi ba ya riƙe sulo. Tayar da shi da cok, ka mayar da cok ɗin, ka yi tafiyar minti 5 zuwa 10 kafin atisaye ko gwaji.

Mako ɗaya kafin gwaji, ba ranar ba, ka kai wa bakanike ya duba waɗannan: sulo wajen juyi 1,400 bayan inji ya yi zafi, wasan hannun kuloci milimita 2 zuwa 3, wayarsa kuma a sa mata mai don kada ta riƙa cijewa, sakin sarƙa santimita 2 zuwa 3, birkin baya ya fara kamawa bayan ka danna santimita 2 zuwa 3, ba sai ya kai ƙasa ba. Ɗaga gaban babur ka juya kan hagu da dama: in yana sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci, kuma da shi ba za ka taɓa samun kwana mai santsi ba. In juya kan yana sa ƙarar inji ta tashi, wayar totur ce ta ɗaure, a sake mata hanya.

Iskar taya kuma a auna ta da ma'auni, ba da matsa yatsa ba. A yawancin waɗannan babura gaba 25 ne, baya 28 a ma'aunin PSI ga mutum ɗaya, amma abin da ke rubuce a jikin babur ɗinka shi ne hujja. Tayar gaba mai ƙarancin iska tana sa kan ya yi nauyi ya riƙa faɗawa cikin kwana.

14. Roba-roba nake da shi, ba kulocin hannu. Yaya zan yi?

Kulocinsa da kansa yake kamawa idan juyin inji ya tashi, saboda haka totur da birkin baya su ne kayan aikinka. Murɗa totur har ka ji ya fara ja, ka riƙe shi nan, ka daidaita gudu da birki kaɗai. Kada ka rufe totur a tsakiya, domin kulocin zai saki, ka shiga halin tambaya ta 12. In giya ɗaya tana fizga, gwada ta biyu. A sikuta, birkin baya yana hannun hagu.

15. Wannan zamewar ba za ta ƙona mini kuloci ba?

Kulocin waɗannan babura a cikin baƙin mai yake iyo, man yana kwashe zafin, don haka yana jure zamewa a ƙaramin juyi. Abin da ke cinye shi shi ne zamewa da totur a sama. Yi minti 10, ka zaga a giya biyu ko uku na minti 2 zuwa 3 don inji ya sha iska, birkin baya ma ya huce. In ka ji wurin kamawa ya gusa ko birki ya yi laushi, zafi ne, huta. Ka sa man babur mai alamar JASO MA. Wasu mayukan mota suna sa faranti santsi.

16. Filin da nake samu gangare ne, ga tsakuwa. Akwai bambanci?

Babba ma, kuma a Jos da wuya ka kauce masa, daga Gangare har Tudun Wada. Koyon farko dai a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri ake yin sa. Bayan ka iya, sai ka nemi gangara mai sauƙi. In kana hawa za ka juyo ƙasa, a tsakiyar kwana cikinta yana ɓangaren gangara, ƙafarka ta ciki ba za ta isa ƙasa da wuri ba, rabin ƙarshe kuma nauyi zai ja ka da gudu: ƙara nauyi a waje, ka shirya ƙara birki. Wannan ita ce mai wuyar. In kana sauka za ka juyo sama, birki a rabin farko, sannan ka sassauta shi ka ƙara sakin kuloci tun daga tsakiya, in ba haka ba inji ya mutu kana karkace.

A kan tsakuwa, marmara ko yashin da ruwan damina ke tarawa a bakin kwalta, rage karkata, ka faɗaɗa kwanar, birki a tausashe. Fentin layin titi da murfin kwata na ƙarfe in sun jiƙe santsi gare su.

17. Kwana nawa zan yi ina atisaye?

Minti 20 zuwa 30 kullum na mako biyu sun fi awa uku a rana ɗaya, domin hannun kuloci in ya gaji ba ya koyon komai. Kwana 3 na farko: wurin kamawa da tafiya a miƙe. Kwana 3 na biye: da'ira mai faɗin mita 10 zuwa 12, hagu da dama. Sannan siffar lamba 8 tsakanin robobi biyu masu tazarar mita 8, ita ke koya wa wuya saurin juyawa. Mako na biyu: kwanar U daga mita 9 zuwa 6, da sigina da waige kowane karo, har da farawa daga tsaye. A wannan, ka yi gaba mita 2 ko 3 a miƙe ƙafafu su hau mataki kafin ka karya kan. Ka yi atisayen da babur ɗin da za ka je gwaji da shi, da hular da za ka sa, domin kowane kuloci da wurin kamawarsa.

18. A kan titi na gaske fa, da goyo ko kaya?

Kada ka yi ta inda aka kafa alamar hani, ko kan gada, ko a kwana, ko dab da ƙoƙon tudu inda mai tahowa ba ya hango ka. A manyan hanyoyi masu rabe-rabe kamar titin Zariya, je ka mahaɗar da aka buɗe don juyawa, kada ka haura ta kan dakalin tsakiya. Waigen ƙarshe ya zama dab da karya kan, domin mai adaidaita sahu ko wani babur kan shigo ta hagunka a tsakanin duba madubi da juyawa.

Goyo yana ƙara nauyi a sama da baya, gaban ya yi sako-sako. Ƙara iskar tayar baya zuwa wajen 32, ɗaga totur kaɗan fiye da na kullum, ka nemi ƙarin mita ɗaya ko biyu na faɗi. Faɗa wa na bayanka tun kafin ku tashi: ƙafafu a mataki, ya matso jikinka, kada ya sauke ƙafa ko ya gyara zama sai kun miƙe. Buhu ko galan kuma a ɗaure shi tam a tsakiya, kusa da bayanka. Galan da bai cika ba ruwansa kan kaɗa ya ja babur gefe a daidai tsakiyar kwana, saboda haka ko a cika shi ko a faɗaɗa juyawar.